Sunan Aro

Duk wanda ya taɓa sauka a filin jirgin saman JFK na Amurka da tsohuwa ko marar lafiya, mai yiwuwa ne Alhaji Gafaru ya tura musu keke. Dogon mutum ne mai faɗin ƙirji, yana tafe yana ɗingishi da ƙafa biyu, in dai hakan na yiwuwa. Aikinsa ke nan: ya tarbi wanda ba ya iya tafiya a bakin jirgi, ya zaunar da shi a keken guragu, ya bi da shi ta dogayen hanyoyin nan da ba sa ƙarewa har wajen ɗaukar kaya. Sau da yawa wanda ke zaune a keken ya fi mai turawar lafiyar gwiwa. Ba wanda ya taɓa lura, shi kuma bai taɓa faɗa ba.

A unguwar Tremont da ke Bronx kuwa, in ka ce Alhaji Gafaru sai a tambaye ka wanne, amma in ka ce Gafaru Portugal har yara sun san shi. A shagon aski akwai hotonsa da ya koɗe, ya tashi sama cikin riga mai ratsin shuɗi, ƙwallo na barin goshinsa. Samari kan tsayar da shi bayan sallar Juma'a su ce ya ba su labarin ƙwallon nan ta gasar kofi. Yakan bayar, don mutum ne mai son a saurare shi, kuma ƙwallon takan ƙara nisa duk shekara.

Ga abin da samarin ba su sani ba, tsofaffin Kumasi kuma suka sani suka kame bakinsu: sunansa ba Gafaru ba ne. Mamuda aka raɗa masa. Gafaru ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, makanike a Kumasi, kuma shekara talatin da ɗoriya ke nan yana jiran a mayar masa da sunansa.

Abin ya faro ne a unguwar Aboabo ta Kumasi. Mamuda na buga wa wata ƙungiyar unguwa lamba tara, a filin da ba ciyawa sai jar ƙasa da tsakuwa, sai wani dillalin 'yan ƙwallo mai suna Kwaku ya gan shi. Kwaku ya yaba ƙafa, ya yaba kai, da ya ji shekaru sai ya yamutsa fuska. Ya ce Turawa ba sa sayen ɗan ashirin da uku, ɗan sha bakwai suke nema. Wannan ba sabon abu ba ne, kowa ya san shekarun ƙwallo daban, shekarun uwa daban. Sai dai a lokacin Turawan sun fara wayewa da takardun rantsuwa na kotu, don haka Kwaku ya ce takardar haihuwa ta asibiti yake so, ta gaske. Mamuda a ɗaki aka haife shi. Gafaru ne aka haifa a asibiti, kuma shekarunsa sha bakwai cif.

Aka zauna a tsakar gida. Mahaifinsu, Malam Sulemana mai fataucin goro, bai ja magana ba, ya ce a ba shi. Gafaru yana koyon gyaran mota a lokacin, hannunsa baƙi ƙirin da mai, sai washe baki yake yi, wai sunansa zai shiga jirgi. Uwarsu ce kaɗai, Mma A'ishatu, ta ɗago kai daga tsintar shinkafa.

Ta ce, “Aro ne fa. In ya gama wasan nga, a maido ma yaro abinshi.”

Mamuda ya ce, “Mma, shekara nawa ne? In na gama zan maido.”

Ba ta dube shi ba. Dama ba ta dubansa. Ɗan fari ne, ga shi kuma sunan surukinta ya ci, don haka tunda ya zo duniya bakinta bai taɓa furta Mamuda ba. Babba take ce masa, in ta matsu. In ya yi abin kirki sai ta kau da kai, in ya yi ciwo sai ta aiki wata ta duba shi. Haka aka yi mata tarbiyya, kuma Mamuda ya san ba ƙi ba ne. Sani dai bai hana abin ci masa rai ba.

Wani ƙaramin garin masunta aka kai shi a arewacin Portugal, inda iska ke shiga har ƙashi, abinci kuma busasshen kifi mai gishiri safe da yamma. Ya yi kuka a ɓoye, ya yi sallah a ɗakin ajiyar takalma. Amma da aka sa shi a fili, ya nuna musu. Koci ya riƙa mamakin yadda yaro ɗan sha bakwai yake da natsuwar manya da ƙirjin manya, 'yan jarida suka rubuta cewa Allah ya yi masa baiwa. Baiwa kam akwai, da kuma shekara shida da aka ɓoye a Kumasi.

A ba shi haƙƙinsa, ya buga ƙwallo. Shi ya fi kowa cin ƙwallaye a rukuni na biyu shekarar da ƙungiyarsu ta hau rukunin manya, abin da garin bai taɓa gani ba. Sai kuma ranar nan ta wasan kusa da na ƙarshe a gasar kofi, da suka karɓi wata babbar ƙungiya daga babban birni, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ana dab da tashi aka bugo kwana, ya tashi ya bar kowa a ƙasa, ya sa mata kai. Masunta suka ɓalle shinge suka cika fili. Ba su iya faɗin sunan duka, sai suka gutsure shi, garin ya ɗauka: Gafa! Gafa! Sun sha kashi a wasan ƙarshe, amma wannan ba ya cikin labarin da ake bayarwa a shagon aski. Daga baya ya zama kyaftin, aka ba shi takardar zama ɗan ƙasa, aka zana fuskarsa a bangon kasuwar kifi.

A Aboabo, ranar da labarin ƙwallon ya iso, Mma ta yi abin da ya ba maƙwabta mamaki. Ta fito ƙofar gida ba mayafi tana rangaɗa guɗa, tana cewa Gafaru ya ci, Gafaru ya ci. Ba wanda zai ce ta yi rashin kunya, ai sunan ƙaramin ɗanta take kira. Da aka ba Mamuda labari ta waya, ya zauna a bakin gado ya daɗe bai motsa ba. Uwarsa ta yabe shi a bainar jama'a. Tun daga ranar sunan ya yi masa daɗin da bai kamata kayan aro su yi wa mutum ba.

Kada kuma a ce ya manta gida. Ya rushe ɗakunan laka ya gina na bulo, ya kai Malam Sulemana Makka kafin ya rasu, ya buɗe wa ƙanensa garejin kansa. Shi ma ya sauke farali, ya dawo Alhaji Gafaru. Shi kuwa mai sunan, a unguwarsu sai ya koma Gafarun gida, don a bambanta shi da na gaske. Haka mutane ke faɗa ba tare da sun ji nauyin maganar ba. Kwaku ya riga ya ja masa kunne cewa kada ya kuskura ya nemi fasfo da wannan suna, in ba haka ba shi da yayansa za su kwana a kurkuku. Bai nema ba. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, iyakarsa Accra.

Gwiwoyi ba su san takarda ba. A takarda yana da talatin lokacin da ta dama ta tafi, ta hagu ta bi ta. Likitocin ƙungiya suka yi ta jinjina yadda saurayi ke da gaɓoɓin tsoho. Aka shirya masa wasan bankwana, aka ɗauke shi a kafaɗa aka zagaya fili, tsofaffin mata na share hawaye. Wasa ya ƙare ke nan, lokacin mayar da aro ya yi.

Sai dai a ina za a cire sunan? Yana jikin fasfo, yana jikin gidan da ya saya, yana jikin bangon kasuwar kifi. Ya ce bari ya ɗan daidaita tukuna. Ya zuba abin da ya tara a wani gidan abinci shi da wani abokin ƙwallonsa, gidan abincin ya cinye kuɗin ya cinye gidan. Wani tsohon mai tsaron ragarsu ya kira shi Newark ta Amurka aikin gini, ya zo, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Ya gangaro Bronx inda 'yan zango suke, inda ake sayar da waakye, wato shinkafa da wake, da tuwon zafi, inda in ya yi sallama za a amsa masa da irin Hausarsa. Nan ya auri Hamdatu, 'yar unguwar Nima ta Accra mai aikin kula da tsofaffi a gidajensu, mace mai haƙuri da aiki marar haƙuri da wauta. Ta dalilinta ya samu takardun zama. Suka haifi biyu, Ruƙayya da Imran, waɗanda in ka yi musu Hausa su amsa da Turanci. Sunan mahaifinsu a makaranta Gafaru.

Ƙanen bai taɓa yi masa faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi sauƙi. Yakan kira ranar Lahadi, a gaisa, a yi zancen Mma da tsadar kayan mota. Sai shekarar da abokan aikinsa biyu suka tafi Hajji ya fara sako maganar a ƙarshen waya, a hankali, kamar shi ne mai laifi.

“Yaya, sunan nga fa?”

Mamuda ya ce, “Mi ya samu sunan?”

“Ina so in je Makka. Na tara kuɗin.”

“To ka yi fasfo da nawa mana. Ka zama Mamuda, shi ke nan. Wa zai sani?”

Ana jin ƙarar guduma a bayan Gafaru. Sannan ya ce, “Yaya, ni ba ni tsayawa Arfa da sunan da ba nawa ba. Ba ni iyawa koraa, ko kaɗan.”

Bai faɗa don ya soki kowa ba, mutum ne da bai iya habaici ba. Amma wanda ya tsaya Arfa da sunan wani yana riƙe da wayar, kuma maganar ta shige shi har ciki. Ya ce zai duba. Shekara ta zagayo ya ce baɗi. Baɗi ta zo ya ce ana wani sabon tsari, a bari ya lafa.

Sau ɗaya ya gwada da gaske. Ya je wajen wata lauya, ya ba ta labarin a matsayin na wani abokinsa. Matar ta cire tabarau ta ce ya gaya wa abokin nasa ya rufe bakinsa, don duk takardar da aka gina kan wancan suna za ta iya rushewa, a ɗaure shi ko a kore shi, ko duka biyun. Da ya gaya wa Hamdatu yana tunanin ya faɗi gaskiya duk da haka, tana guga ne, ta ajiye dutsen gugar a tsaye.

Ta ce, “Alhaji, ka dubi yaran nga da kyau. In sun ɗauke ka, mi zan ce musu? Babanku ba babanku ba ne?”

“Yaron na jira, Hamdatu.”

“Yaro? Mutum mai jikoki? Ya yi haƙuri, Allah na ganin niyyarshi. Mu nan ba mu da wani wuri.”

Ba mugunta ba ce, gaskiyarta ta faɗa. Shi ma a ransa ya ji sanyi da aka hana shi, kuma ya tsani kansa saboda jin sanyin.

Shekarun da ya ɓoye kuma suka biyo shi har asibiti. Likitan ƙashi, wani saurayi mai fara'a, ya duba hoton gwiwoyin ya yi fito. Ya ce duka biyun sun cinye, ƙashi ke gugar ƙashi, maganinsu a sa na ƙarfe. Sannan ya dubi ranar haihuwa ya ce amma Mista Gafaru bai kai ba, ya yi ƙuruciya, na ƙarfen ba sa daɗewa, gara ya daure 'yan shekaru. Ya rubuta masa allura da ƙwayoyi, har da dafa masa kafaɗa. Mamuda ya yi godiya. Tsararrakinsa na gaske sun fara zancen hutu, shi kuwa takarda ta ce da sauransa. Ya sauko matakalar jirgin ƙasa da baya da baya, yana riƙe da ƙarfe, mutane na ratsa shi suna tsaki.

Kiran ƙarshe bai bambanta da sauran ba. Gafaru ya ce kwana biyu ƙirjinsa na yi masa nauyi, an ce hawan jini ne. Ya yi 'yar dariya ya ce, “Yaya, bana kam ka taimake ni. Jikin nga ba shi da tabbas.” Mamuda ya ce in sha Allahu, bari azumi ya wuce.

Ranar wata Talata da hantsi, ya ajiye wata tsohuwa 'yar Senegal a bakin titi inda motocin haya ke layi. Barmo, wani direba ɗan Maraɗi da suke sallah tare, yana tsaye jikin motarsa yana kallon waya. Ya ɗago ya ga Alhaji Gafaru, sai wayar ta suɓuce masa. Ya ja da baya yana salati.

“Alhaji! Kai ne? Ai wallahi yanzun nan aka ce ka rasu!”

Ya tsinci wayar ya miƙa masa. Sanarwa ce ke yawo a zaurukan waya na 'yan zango: Allah ya yi wa Gafaru Sulemana na Aboabo rasuwa yau da safe, za a yi jana'iza bayan la'asar. Wani mai azarɓaɓi, da ya ga sunan, ya nemo hoto ya liƙa. Hoton shagon aski ne, riga mai ratsin shuɗi, ƙwallo na barin goshi.

Mamuda ya laluba aljihu. Tasa wayar a kashe take saboda dokar aiki. Da ya kunna, kiran gida ne jere. Ƙanensa ya faɗi a gareji, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Ya nemi wuri ya zauna, babu, sai ya zauna a cikin keken da yake turawa. Barmo na ta murna yana cewa ƙarya ce ashe, alhamdu lillahi, ƙarya ce.

Kafin azahar labarin ya ƙetare teku. Tsohuwar ƙungiyarsa ta sa baƙin ƙyalle a shafinta, ta jero tarihinsa kaf: zuwansa yana yaro, ƙwallayen rukuni na biyu, daren ruwan sama, shekarun kyaftin. Suka ce za a yi shiru na minti ɗaya kafin wasan Lahadi. Masunta suka fara ajiye furanni a gindin bangon kasuwar kifi. Ya karanta duka, don har yanzu yana jin harshen. Ba a taɓa yabonsa haka ba. Mutumin da ya mutu kuwa, wanda ya yi shekara talatin yana kwance ƙarƙashin motocin mutane, wanda ba ya karɓar kuɗin gyara a hannun direban da ya yi hatsari, ba a ambace shi ko a layi ɗaya ba. Har mutuwarsa ma an karɓe masa.

Hamdatu ta sha kiran masu ta'aziyya tana cewa yana nan da ransa, ƙanensa ne. Sai a ce, ikon Allah, sunansu ɗaya? Ta ce e. A masallacin Tremont bayan magariba liman ya tambayi sunan mamacin don a yi addu'a. Mamuda ya buɗe baki ya faɗa, samari suka waiwayo suna kallonsa. Tsofaffin Kumasi suka sunkuyar da kai suna jan carbi. Aka roƙa wa Gafaru Sulemana gafara, shi kuma yana zaune a sahu yana cewa amin.

Bai iya kiran Mma a ranar ba. Tsoro ya ji, ba wani abu ba. Washegari ya tafi aiki, don zaman gidan ya gagare shi. Da aka ba shi hutun rabin rana ya samu wani lungu kusa da tagar da ake hango jirage, ya kira. Wata jikarta ta ɗauka, ya ji hayaniyar masu zaman makoki, ya ji ana cewa a kai wa tsohuwa. Sai numfashinta.

Ta ce, “Wa ke nan?”

Shekara talatin da ɗoriya yana amsa wannan tambaya, a filin wasa, a ofisoshi, a bakin jirgi. Bakinsa ya riga shi.

“Mma, ni ne, Gafaru.”

Ya ji abin da ya faɗa bayan ya fita. Ya so ƙasa ta tsage.

Ta ce, “Gafaru na bisne shi jiya.”

“Mma, ki gafarce ni, bakina ne ya...”

“Mamuda.”

Bai taɓa jin sunan a bakinta ba. Yana yaro ya sha kwanciya yana ƙissima yadda zai fito, ko da faɗa ne, ko da zagi. Ga shi ya fito, a fili, ba rawar murya, yadda ake kiran baƙo a layin asibiti. Tsohuwar da ta yi shekara kusan sittin tana jin kunyarsa, yau ta daina.

Ta ce, “Mamuda, ya bar maka. Ka riƙe.”

Ta miƙa wa jikar waya, ya ji yarinyar na tambaya ko akwai saƙo. Ya ce babu.

Ya tsaya jikin gilashin, gwiwoyinsa na zafi, hawaye na bin gemunsa bai share ba. Wani jirgi ya sauka, wani ya tashi. Sai rediyon da ke rataye a kafaɗarsa ya yi ƙara, muryar shugabar aiki ta fito tana kiran Gafaru, akwai fasinja a ƙofa ta shida yana jiran keke. Ta sake kira, Gafaru, kana ji na?

Ya danna maɓallin ya ce yana ji. Ya kama hannun keken ya tura.